Kwana Huɗu A Cikin QE2, Wata Kaɗan Kafin Ya Ajiye Aiki (Rubutaccen Shiri)

 Ga rubutaccen shirin wannan mako, saboda waɗanda suka ce data ba ta isarsu sauraro, da waɗanda suka fi son su karanta a nitse.

Yau labarin jirgin ruwa zan ba ku. Na san wani zai ce mu da ko kwale-kwale ba mu cika shiga ba, ina ruwanmu da jirgin teku? To ku ɗan yi haƙuri da ni, akwai inda zancen ya taɓa gida.

A shekarar 2008 ina karatu a Southampton, can kudancin Ingila. Masu kallon ƙwallo sun san sunan. Gari ne na tashar jiragen ruwa, in ka sauko gefen ruwa za ka ga jirage kamar an ɗauko unguwa guda an ɗora a kan teku. A cikinsu akwai wani da mutanen garin ke ji da shi fiye da kowanne, mai baƙin jiki, farin sama, da jan bututun hayaƙi guda ɗaya. Sunansa Queen Elizabeth 2, amma kowa QE2 yake cewa. Su Turawa ma "ita" suke ce wa jirgi, kamar mace. Ni dai bakina ya ƙi sabawa, shi zan ci gaba da cewa.

Tun watan Yunin 2007 aka sanar cewa an sayar da shi ga wani kamfanin Dubai a kan dala miliyan 100, za a mai da shi otal. Watan Nuwamban 2008 aka sa zai yi tafiyarsa ta ƙarshe. Wato duk garin an san kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Ni abin bai dame ni ba, sai ranar da na ambata wa mahaifina a waya, a cikin hira kawai. Baba ya yi shiru. Can ya ce, "Ka shiga kuwa?" Na ce Baba ai na masu kuɗi ne. Ya ce, "Ka shiga kafin ya tafi."

Abin da ya sa ya faɗi haka, shi kansa ta ruwa ya je Ingila karatu a shekarun 1960. Jirgin ƙasa ya ɗauke shi daga Kano zuwa Legas, daga Apapa ya shiga Aureol, jirgin kamfanin Elder Dempster, wanda ke zirga-zirga tsakanin Legas da Liverpool, yana tsayawa a Gana da Freetown da Las Palmas. Kusan mako biyu ake yi a hanya. Muna yara ya sha ba mu labarin har mun haddace, muna ƙyafta wa juna ido in ya fara. Kuma kullum abu ɗaya yake maimaitawa: wai jirgi ba ya taɓa yin shiru. Ko tsakar dare ka ɗora tafin hannu a bango za ka ji yana kaɗawa a hankali, kamar ƙirjin mai barci. A lokacin nan Baba ya tsufa, ido ya yi rauni, ƙafa ma ba ta kai shi nesa. Ya ce in shiga in taɓa bangon, in gaya masa ko na wannan ma haka yake.

To kun ji. Kuɗin da na tara wata da watanni ina aikin dare a wani kanti, su na kwashe na sayi tikitin wata gajeriyar tafiya ta kwana huɗu, daga Southampton zuwa gaɓar Turai a dawo. Ɗaki mafi arha na ɗauka. Abokaina suka ce na haukace.

Abu na farko da na koya, a QE2 lambar bene juye take. A gini in an ce hawa na biyar, sama ake nufi. A nan bene na ɗaya shi ne na sama a cikin benaye masu lamba, na biyar kuwa can ƙasa yake, dab da ruwa. Nawa ɗakin a na biyar yake. Da na buɗe ƙofa sai da na yi dariya: gado siriri, ɗan kabad, banɗaki wanda in ka juya sai gwiwar hannunka ta gai da bango. Amma tsaf-tsaf, ba ƙura ko ɗaya. Ban ko ajiye jaka ba na ɗora hannu a bangon.

Jama'a, yana kaɗawa. Ko tashi ba mu yi ba, muna ɗaure a tasha, amma ga shi nan, wani ɗan zir-zir a ƙarƙashin fenti. Tsigar jikina ta tashi, domin shekara ashirin da wani abu ina ɗaukar zancen nan ƙarin gishirin tsoho.

Bari in ɗan ba ku tarihinsa don ku san irin abin da na shiga. A Clydebank aka ƙera shi, kusa da Glasgow, a ma'aikatar John Brown. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ce ta ƙaddamar da shi ranar 20 ga Satumba 1967, ya fara jigilar fasinja daga Southampton zuwa New York ranar 2 ga Mayu 1969. Tsawonsa mita 293, ku ƙaddara kusan filin ƙwallo uku a jere. Faɗinsa mita 32, an auna shi ne daidai yadda zai iya ratsa mashigar Panama. Yana ɗaukar fasinja wajen 1,800, ma'aikata wajen dubu ɗaya.

Kuma a makare aka haife shi, in har za a ce haka. Tun ƙarshen shekarun 1950 jiragen sama suka ƙwace kasuwar ƙetare Atilantika. Wa zai yi kwana biyar a ruwa alhali zai iya isa cikin sa'o'i? Sai kamfanin Cunard ya yi dabara, ya ƙera jirgin da zai yi aiki biyu: da bazara ya yi jigila tsakanin Ingila da Amurka, in sanyi ya shigo ya koma yawon buɗe ido a ƙasashe masu ɗumi. Dabarar nan ce ta raya shi shekara 39, sa'o'insa kuwa da yawa tuni an yanka su an sayar da ƙarfen.

A nan akwai bambancin da ya kamata a gane. Manyan jiragen shaƙatawa na yanzu, waɗanda kuke gani a hoto kamar otal mai hawa goma sha, an yi su ne don su bi ruwa mai lafiya, in hadari ya taso su kauce. Shi kuwa irin QE2 an yi shi ne don ya cika alƙawarin lokaci. An ce ranar kaza zai isa New York, to ko teku na hauka sai ya ratsa. Shi ya sa hancinsa dogo ne mai tsini, ƙarfen jikinsa mai kauri, gudunsa kuma na yau da kullum ya haura kilomita 50 a awa. A mota wannan ba komai ba ne. Amma ku tuna abu ne mai nauyin dubban tan yake keta ruwa haka dare da rana, ba tsayawa.

Yauwa, mu koma ciki.

Washegari na ɗauki ɗan taswirar da ake ba kowane fasinja, na ce yau sai na zagaye shi kaf. Cikin minti ashirin na ɓata. Matakalun jirgin an sa musu haruffa, A har zuwa H, kuma ba kowace matakala ke kai ka kowane bene ba. Ka hau wata tana tafiya lafiya, sai kawai ta ƙare a bango. Ka shiga lif, ka ga lambar da kake nema babu ita a jikin maɓallan. Na ɗauka rashin wayona ne, sai wata tsohuwa Baturiya da ta gan ni ina juya takarda ta yi min bayani. Ta ce ai da gangan ne. Lokacin da aka zana jirgin, fasinjoji aji-aji ne, kuma an tsara hanyoyin ne don kada na ƙasa ya yi tuntuɓe ya faɗo cikin na sama. Daga baya aka cire shingayen, amma matakala ba ta gyaruwa, tana nan yadda aka gina ta.

Ajin ma bai mutu duka ba. Kuɗin ɗakinka shi ke faɗin inda za ka ci abinci. Masu manyan ɗakuna suna Queens Grill, akwai Princess Grill da Britannia Grill, akwai Caronia, mu 'yan bene na biyar kuma muna Mauretania. Kada ku ji tausayina, wallahi ban taɓa cin kifi irin na wurin nan ba, kuma mai kawo abincin tun daren farko ya riƙe abin da ba na ci, bai sake tambaya ba.

Tsufan jirgi ba a falo ake ganinsa ba. Falon an sha sabunta shi, kafet sabo, kujeru sababbi. Akwai wani babban zaure, Queens Room, mai fararen ginshiƙai masu buɗewa sama kamar bakin kakaki, nan ake shan shayin la'asar, ma'aikata da farin safar hannu. Kana ganin ginshiƙan ka san tunanin mutanen 1960 ne, lokacin da kowa ke mafarkin zuwa wata. Amma in tsufa kake nema, fita waje, benen da kwale-kwalen ceto ke rataye. Nan na fi daɗewa.

Katakon ƙasan ya sha taku har ya yi santsi, wasu wuraren ya ɗan lotsa. Kan ƙusoshin jikin bango sun zama dunƙule-dunƙule saboda fenti a kan fenti a kan fenti. Na sa farce a wani gefe da ya ɗan ɓantare, na ga layi-layi kamar an yanka albasa. Ƙarfen dafawa na matakala ya sha hannu har ya yi fari. Da daddare in teku ta ɗan motsa, sai ka ji bangon ɗaki yana ƙara, ƙiiƙ, ƙiiƙ, kamar tsohuwar ƙofar zaure. Saman jirgin da alminiyam aka yi shi don a rage nauyi, ƙasan kuma ƙarfe, kuma shekara da shekaru igiyar ruwa na lanƙwasa su tana sakewa. In ka tsaya a ƙarshen doguwar barandar ɗakuna ka hango gaba, za ka ga ƙasan ba a miƙe yake ba, yana ɗan hawa wajen hancin jirgin.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wani mutum da na tarar da asuba. Na fito bayan salla, wadda ita ma sai da na yi ta lissafi da ɗan kamfas saboda jirgi na juyawa alƙibla na juyawa. Gari bai gama wayewa ba, iska kamar ta yanke kunne. Ga wani ma'aikaci ɗan Filifin, ya manyanta, a durƙushe da ɗan gwangwanin fenti da burushi, yana bin wani lungu a bayan bututu, wurin da ba fasinjan da zai taɓa leƙawa. Ya kankare tsatsar, ya goge, ya shafa. Na gaishe shi, muka ɗan taɓa hira. Ya ce ya haura shekara ashirin a jirgin, da albashin nan ya yi wa 'ya'yansa makaranta.

Sai na yi masa tambayar da ke cina. Na ce, kawu, wata nawa ya rage a miƙa jirgin nan, wannan lungun wa zai gani? Ya dube ni kamar na yi tambayar yara. Ya ce gishirin teku bai san an sayar da jirgi ba. In ka bar tsatsa mako ɗaya, ta ci gaba. Ya koma kan aikinsa.

Na tambaye shi ina za shi bayan Nuwamba. Ya ce za a rarraba su a sauran jiragen kamfanin, aikin yi ba zai gagara ba. Amma ya ce a can sabon shiga zai koma, sai an nuna masa hanya, a nan kuwa ko an ɗauke wuta ya san inda kowace ƙofa take.

Ɗakin inji ba a barin fasinja ya shiga, don haka ban gan shi da idona ba. Amma labarinsa shi ne sirrin tsawon ran jirgin. Da tururi ya fara aiki, kuma injinan tururin sun riƙa shan mai kamar ba gobe. Daga ƙarshen 1986 zuwa farkon 1987 aka kai shi Bremerhaven a Jamus, aka cire bututun hayaƙin, aka zaro tsofaffin injinan ta sama, aka zura sababbi guda tara na dizal, kowanne ya kai girman bas mai hawa biyu. Su ba sa juya farfela kai tsaye, lantarki suke samarwa, lantarkin ya juya manyan motoci biyu, su kuma su juya farfela. Wato kaɗawar da na ji a bango ta injinan 1987 ce a cikin gangar jikin 1967. Aikin nan ya ƙara masa shekara ashirin.

A barandun jirgin an jera kayan tarihi da hotuna, kana tafe kana karantawa. A 1972 wani ya bugo waya ya ce ya dasa bam, har aka sauko da sojoji masu kwance bam ta lema a tsakiyar teku, ashe ƙarya ce. A 1982, lokacin yaƙin Falklands tsakanin Birtaniya da Ajantina, gwamnati ta karɓe shi, aka rufe kafet da katako, aka yi wurin saukar helikwafta, ya kwashi sojoji wajen 3,000 zuwa kudancin Atilantika. A 1992 ya gogi duwatsu a gaɓar Massachusetts ta Amurka, sai da aka kai shi gyara. A 1995 kuma wata igiyar ruwa mai tsawon kusan ƙafa 90 ta dake shi da daddare, ya ratsa ya wuce. Sau 806 ya ƙetare Atilantika, ya ɗauki fasinja wajen miliyan biyu da rabi.

To in lafiyarsa ƙalau, me ya sa za a ajiye shi? Ni a ganina abu biyu ne. Na ɗaya, akwai sababbin ƙa'idojin kariya daga gobara na jiragen ruwa da za su fara aiki a 2010, kuma kafin tsohon jirgi irin wannan ya cika su sai an farke cikinsa an kashe kuɗi mai yawa. Na biyu, magajinsa ya riga ya iso. Tun 2004 Queen Mary 2 ya karɓi hanyar New York. In ga mai saye da dala miliyan 100 a hannu, ga gyara mai tsada a gaba, kun san yadda ɗan kasuwa zai yi lissafi. Ban ga laifinsu ba, ko da yake mutanen Southampton da yawa sun gani.

Daren ƙarshe daren ado ne, maza da baƙar kwat da ɗan maɗaurin wuya. Ni ba ni da ita. Amma an yarda mutum ya sa kayan gargajiyar ƙasarsa, sai na fito da babbar rigata da hula. Kai! Ban ci abinci cikin kwanciyar hankali ba ranar, kowa sai ya tsaya ya tambaya. Wani dattijo ya zo ya ce min "sannu", da Hausa tiryan-tiryan. Ashe ya yi aikin koyarwa a Arewa kafin a haife ni. Na ce masa mahaifina a Aureol ya zo Ingila. Mutumin nan ya ja kujera ya zauna. Shi ma a Aureol ya je Legas. Muka yi ta hira har aka fara kwashe kwanuka.

Shi ne ma ya ba ni ƙarshen labarin Aureol, wanda Baba bai sani ba. A 1974 ya daina zuwa Legas, jirgin sama ya kashe kasuwar kamar yadda ya kashe ta New York. Wani attajirin Girka ya saye shi, ya canza masa suna, aka kai shi Jidda ya zama masaukin ma'aikata. Daga baya ya yi shekaru a ɗaure a Girka, sai a 2001 aka ja shi zuwa Alang a Indiya, inda ake yanka tsofaffin jirage a bakin rairayi.

Da muka dawo na kira gida. Na ce Baba, na taɓa bangon, yana kaɗawa. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "To, kun ce ƙarya nake." Ya tambaye ni ƙamshin, ya tambaye ni ko har yanzu ƙofofin waje na da dokin ƙofa mai tsayi da ke kama ƙafar baƙo. Na ce suna da shi, sau biyu ya kama ni. Da ya tambayi ko na ji labarin Aureol, na gaya masa zancen Jidda. Ya ji daɗi, ya ce ashe ya je ƙasa mai tsarki. Zancen Indiya ban faɗa masa ba. Har yau ban san ko na kyauta ba.

Ranar 11 ga Nuwamba 2008 ita ce ranar tafiya. Da asubar ranar, yana shigowa Southampton karo na ƙarshe, iska ta tura shi kan wani tudun rairayi da ake kira Bramble Bank, ya maƙale, sai da ƙananan jirage suka jawo shi. Mutanen gari suka ce ƙin tafiya yake yi. Da ƙarfe 11 na safe aka zubo masa jajayen furanni daga jirgin sama, saboda ranar ce ta tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. Da daddare muka cika Mayflower Park, dubban mutane cikin sanyi, aka yi wasan wuta. Da ya fara ja da baya daga tasha sai na kira Baba, na ce ya saurara, na ɗaga wayar sama. Jirgin ya busa ƙaho. Ƙarar nan a ciki kake jin ta, ba a kunne ba. Da na mai da wayar kunnena Baba bai ce komai ba, numfashinsa kawai nake ji. Kati ya ƙare muna haka.

Ya isa Dubai ranar 26 ga Nuwamba. Sai ga matsalar tattalin arzikin duniya ta 2008, duk manyan tsare-tsaren suka tsaya, jirgin ya yi kusan shekara goma a ɗaure ana ta jita-jitar za a yanka shi. Sai a watan Afrilun 2018 aka buɗe shi a matsayin otal a tashar Mina Rashid.

Na je na gan shi bayan an buɗe, lokacin Baba ya riga ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Masu zuwa Dubai sarin kaya, ba shi da nisa da Deira, in kun samu sarari ku leƙa, ya cancanci a gani. An gyara shi da kyau, ginshiƙan Queens Room na nan, matakalun nan masu ɓatar da mutum na nan, har na sake ɓata. An cire kwale-kwalen ceto, benen ya yi fayau. Wutarsa yanzu daga tudu ake jawo ta da waya, kamar kowane gini.

Na sami wani lungu da ba kowa, na ɗora tafin hannuna a bango, na daɗe. Sanyin na'urar sanyaya ɗaki kawai na ji.

Nan za mu tsaya a wannan makon. Wanda kakansa ko mahaifinsa ya taɓa tafiya ta Apapa a jirgin ruwa, ya tambaye shi tun yana kusa, ya rubuto mana abin da ya ce. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.